Daga Kai Umarnin Yake Fitowa: Abin da Ɓeraye Suka Koya Mana Game da Ƙwan Mace

'Yar'uwa, idan al'adarki ta yi jinkiri, ko ta rikice, ko an shekara ana jiran ciki shiru, ina kike fara kai hannu? A mara. Can ake jin ciwon, ta can jinin ke fitowa, don haka can ake zargi. Sai ki ji ana cewa mahaifa ta yi sanyi, ko ta yi datti, ko ta juya. Daga nan sai a shiga neman maganin wankin mahaifa, wannan ta kawo jiƙo, waccan ta faɗi sunan ƙwayar da za a sayo a kemis.

Amma umarnin da ke sa ƙwai ya girma, ya nuna, ya fito a kowane wata, daga cikin kai yake saukowa. Wata 'yar tsoka ce da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba ke aiko shi. Yawancin abin da likitoci suka sani game da wannan aike kuwa, a jikin ɓeraye aka fara ganinsa. Idan kika fahimci yadda saƙon ke tafiya, za ki gane dalilin da ya sa mata biyu za su zo da kuka iri ɗaya, a ba su magani daban-daban, da kuma dalilin da ya sa maganin da ya yi wa maƙwabciyarki aiki zai iya cutar da ke.

Ƙwai a cikin 'yar jakarsa

Kina da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na mahaifa, kowanne kamar girman dabino. Kowane ƙwai da ke ciki yana kwance ne a cikin wata 'yar jaka ta ƙwayoyin halitta da ke ciyar da shi. Ƙwan kansa da ƙyar ido ke iya ganinsa. Jakar ce ke girma, ita ce kuma ake gani idan an yi hoton ciki.

Da jarinki kika zo duniya. Lokacin da kike wata biyar a cikin mahaifiyarki, kina ɗauke da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ki sun ragu zuwa miliyan 1 zuwa 2. Kafin ki fara al'ada saura kamar 300,000 zuwa 400,000. A cikin waɗannan duka, kamar 400 zuwa 500 ne kawai za su nuna su fito a tsawon rayuwarki. Sauran sukan fara girma, su tsaya a hanya, jiki ya shanye su ba tare da kin ji komai ba.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: wa ke zaɓen wanda zai kai labari, kuma wa ke faɗa masa lokacin fita?

'Yar tsokar da ke bayan hanci

Ki ɗora yatsa a karan hancinki, tsakanin idanu. Can ciki, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wani ɗan gurbi a cikin ƙashi. A nan fituwitari ke zaune. Nauyinta kamar rabin giram ne. Aikinta fitar da homon, wato sinadaran da ke bin jini su kai saƙo ga wata gaɓa da ke nesa. Ita ke aika wa maƙoshi, ita ke kula da girman yaro, ita ke sa nono ya kawo ruwa.

Biyu daga cikin saƙonninta na gidan ƙwai ne. Na farko FSH, mai sa jakar ƙwai ta girma. Na biyu LH, mai sa jakar ta fashe ƙwai ya fito.

Ita ma fituwitari tana da na gaba da ita. A samanta akwai wani ɓangaren ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas, wanda ke turo mata wani homon, GnRH, ta wasu 'yan siraran jijiyoyin jini. Idan GnRH bai zo ba, ba ta motsi. Andrew Schally da abokan aikinsa a Amurka ne suka gano tsarin wannan sinadari a 1971, kuma a 1977 shi da Roger Guillemin suka samu kyautar Nobel kan binciken homon na ƙwaƙwalwa.

Ga wani abin mamaki. GnRH ba kwarara yake yi ba, ɗigowa yake yi, kusan kowace awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a farkon wata. A 1978 Ernst Knobil ya nuna a jikin birai cewa idan aka ba da shi jefi-jefi, fituwitari na amsawa, idan kuma aka sake shi ba tsayawa, sai ta yi shiru gaba ɗaya. Kamar wayarki ce. Mai kira sau ɗaya a awa kina ɗauka, wanda ya matsa miki da kira ba ƙaƙƙautawa kuwa, kashe ƙarar kike yi. Da wannan dabarar ake amfani yau a allurar da ake yi wa wasu mata don a rage girman ƙarin mahaifa kafin tiyata: a cika wa fituwitari kunne har ta daina aike na ɗan lokaci.

Me ya kawo ɓera cikin maganar?

Ba za a cire wa mace wani sashen ƙwaƙwalwa don a ga abin da zai faru ba. Ɓera kuwa tana da fituwitari, tana da FSH da LH, tana da jakunkunan ƙwai masu bin matakai irin namu. Ga shi komai nata da sauri yake. Tana balaga cikin mako 5 zuwa 6, zagayen ƙwanta kwana 4 zuwa 5 ne, cikinta kwana 19 zuwa 21. Abin da zai ci shekaru a jikin mutum, a jikinta cikin 'yan watanni an ga ƙarshensa.

A wajajen 1927, a birnin Balin na Jamus, likitoci biyu, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka dasa ɗan gutsuren fituwitari a jikin 'yan ɓerayen da ba su balaga ba. Cikin kwanaki kaɗan gidan ƙwansu ya farka, jakunkuna suka kumbura, kamar na manya. A daidai wannan lokacin, Philip Smith a Amurka ya bi ta ɗaya hanyar. Ya cire wa manyan ɓeraye fituwitari, sai gidan ƙwansu ya motse. Da ya dasa musu wata, ya sake farfaɗowa. A 1931 wasu masana a jami'ar Wisconsin suka nuna cewa saƙon guda biyu ne, wanda ke rainon jaka daban, wanda ke fasa ta daban.

Daga aikin Aschheim da Zondek ne aka samu awon ciki na farko da za a iya dogara da shi. Akan yi wa 'yan ɓeraye biyar allurar fitsarin mace, bayan kamar kwana huɗu a duba gidan ƙwansu. Idan ya farka, matar na da ciki. Daga baya aka gane cewa sinadarin da ke cikin fitsarin daga mabiyiya yake fitowa. Sunansa hCG, kuma ya yi kama da LH sosai, shi ya sa jikin ɓera ya ɗauke shi a matsayin umarni. Ɗan tsinken awon ciki da kike saya a kemis yau, wannan sinadarin dai yake nema.

Aka riƙa cire saƙo ɗaya-ɗaya

Idan kina so ki san amfanin wani abu a miya, ki dafa ba shi. Haka masana suka yi da ɓeraye, kuma kowace cirewa ta nuna inda jakar ƙwai ke tsayawa.

A 1977, a wata cibiyar bincike da ke Harwell a Ingila, Bruce Cattanach da abokan aikinsa suka ba da labarin wasu ɓeraye da aka haifa da naƙasa a ƙwayar gadon da ke yin GnRH. Fituwitarinsu na nan, gidan ƙwansu na nan, amma ba sa balaga har su mutu. A 1986 aka saka wa zuriyarsu lafiyayyar ƙwayar gadon, sai ga su suna haihuwa. Gidan ƙwan lafiyarsa lau tun farko. Kira ne bai taɓa zuwa masa ba.

A 1997, a birnin Houston na Amurka, T. Rajendra Kumar da Martin Matzuk da abokan aikinsu suka samar da ɓerayen da ba sa iya yin FSH kwata-kwata. Jakunkunan ƙwan matan sun farka, sun fara girma, sun yi rufi kan rufi, sannan suka tsaya cik kafin su tara ruwan da ke cika jaka idan ta kusa nuna. Ko ɗaya ba ta haihu ba. Da aka yi musu allurar homon daga waje, ƙwai ya fito.

A 2001 aka samar da wasu da jikinsu ba ya jin LH. Homon kamar mukulli ne, sai ya samu kwaɗon da ya dace da shi a jikin gaɓa kafin ƙofa ta buɗe, to waɗannan kwaɗon aka cire musu. Jakunkunansu sun wuce inda na farko suka tsaya, har sun fara tara ruwa, amma ba su kai ga nuna ba, ba su kuma fashe ba.

Akwai na huɗu. A 1996 rukunin Matzuk ya cire wani sinadari mai suna GDF9, wanda ƙwan da kansa ke fitarwa. Jakar ta tsaya tun a matakin farko, duk da cewa FSH ya cika jinin. Ashe ƙwai ma yana da bakin magana a cikin rainonsa.

Idan aka haɗa su wuri ɗaya, ga darasin. Farkon tafiyar jaka harkar cikin gida ce, tsakanin ƙwai da ƙwayoyin da ke kewaye da shi, kuma tana ɗaukar watanni a jikin mace. Tsakiyar tafiya ta FSH ce. Ƙarshenta na LH ne. Su biyun kuma ba sa fitowa sai GnRH ya ɗigo a kan ƙa'ida.

Kada ki ce wannan labarin ɓera ne kawai. A 1995, a ƙasar Finlan, an gano wasu matan da ba su taɓa ganin al'ada ba saboda kwaɗon FSH ɗinsu na da naƙasa ta gado. An tarar da ƙananan jakunkunan ƙwai a jikinsu, sun tsaya a hanya, kamar dai yadda aka zo aka gani a ɓerayen.

Wata ɗaya a jikinki

Yanzu mu dawo kanki. A kwanakin da kike jinin al'ada, FSH yana ɗan hawa. Wasu jakunkuna da suka riga suka yi nisa a tafiyarsu sai su amsa, su shiga girma tare. Aikin na haɗin gwiwa ne: LH yana sa ƙwayoyin bayan jaka su yi wani ɗanyen sinadari, FSH kuma yana sa na ciki su mayar da shi istirojin, homon ɗin da ke shimfiɗa sabon rufi a cikin mahaifa.

Da istirojin ya fara yawa, sai labari ya koma sama cewa aiki ya kankama, fituwitari ta rage FSH. Nan ake yin zaɓe. Kamar tsiro ne da yawa a rami ɗaya idan ruwa ya ɗauke, wanda saiwarsa ta fi nisa shi ke rayuwa. Jakar da ta fi kowa jin FSH ita ke ci gaba da ɗan abin da ya rage, sauran su bushe.

Zaɓaɓɓiyar takan kai kusan santimita 2, kamar girman magarya. Idan istirojin ɗinta ya yi sama sosai ya kuma daɗe a can kamar kwana biyu, sai saƙon ya juya, fituwitari ta saki LH da yawa a lokaci guda. Bayan kamar awa 36 jakar ta fashe, ƙwai ya faɗa bututun mahaifa. A kwanakin nan ne kike ganin farin ruwa mai yauƙi kamar ɗanyen farin ƙwan kaza, wasu kuma sukan ji ɗan suka a gefe ɗaya na mara.

Fankon jakar ba ya zama banza. Yana rikiɗa ya riƙa fitar da furojestaron, mai riƙe shimfiɗar mahaifa. Idan ciki bai shiga ba, bayan kamar kwana 14 sai ya mutu, shimfiɗar ta zube, al'ada ta zo. Saboda haka idan zagayenki kwana 35 ne, ƙwanki yana fita ne a wajajen kwana na 21. Lissafin kwana na 14 na masu zagayen kwana 28 ne.

Ɓera takan saki ƙwai wajen goma a zagaye ɗaya, mace kuwa yawanci ɗaya. Idan FSH ya ɗan yi yawa har jaka biyu suka tsallake, ana iya samun tagwayen da ba sa kama da juna. Farfesa Percy Nylander na jami'ar Ibadan ya yi bincike a kan haka a shekarun 1960 da 1970. Ya samu tagwaye fiye da 40 a cikin kowace haihuwa 1,000 a ƙasar Yarbawa, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya, ya kuma tarar iyayen tagwaye sun fi sauran mata yawan FSH. Wannan ne ma ya sa tagwaye suka fi zuwa wa macen da ta haura shekara 35, lokacin da FSH ke fara hawa.

Ƙwayar tazarar haihuwa ma ta wannan hanyar take aiki. Tana ɗauke da sinadarai masu kama da istirojin da furojestaron, sai fituwitari ta ɗauka aiki ya riga ya gudana, ta riƙe saƙonta. Idan aka daina sha, saƙon na dawowa. Allurar wata uku takan ɗan ja lokaci, wasu har kusan shekara daga allurar ƙarshe, amma ba ta ƙarar da ƙwai.

Wuraren da saƙon ke katsewa

*Shayarwa.* Duk lokacin da jariri ya kama nono, fituwitari na fitar da furolaktin, mai kawo ruwan nono, tsotson kuma yana rage ɗigowar GnRH. Shi ya sa al'ada ke ɗaukewa. Amma kariyar na da sharuɗɗa uku, kuma sai sun cika duka: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Idan sun cika, kariyar ta kai kashi 98 cikin 100. Da ɗaya ya faɗi, ƙwai na iya fita tun kafin ki ga jinin farko. Ta nan kwanika ke shammatar mata da yawa.

*Ruwan nono ba goyo.* Idan ba ki shayarwa amma nono na ɗigar da ruwa, al'ada kuma ta ɗauke ko ta ja baya, a auna furolaktin. Wani lokaci ɗan ƙaramin ƙari ne a fituwitari, wanda yawanci ba daji ba ne. Wani lokaci raunin maƙoshi ne, ko wasu magunguna na amai da na taɓin hankali. Akwai ƙwayoyi irin su kabagolin da buromokiriftin da ke sauke shi, kuma mata da yawa na samun ciki bayan haka. Idan da ciwon kai mai naci ko raguwar gani ta gefen ido, kada a jira.

*Zubar jini wajen haihuwa.* Wannan ina so ki riƙe shi da kyau. Lokacin goyon ciki fituwitari na kumbura har ta kusa ninka girmanta, tana buƙatar jini sosai. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har jininta ya faɗi, wani sashen tsokar na iya mutuwa. Wani likitan Birtaniya, Harold Sheehan, ya bayyana wannan a 1937, cutar kuma ta ɗauki sunansa. Alamar farko ita ce nono ya ƙi kawo ruwa. Daga baya al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata da na gaba ya zube, ga kasala, ga jin sanyi, ga jiri. Irin wannan maijego sai a dage mata da kunun kanwa, a ce ba ta cin abinci ne, ko a ce ragwanci ne. Wasu sukan yi shekaru a haka. A wurarenmu da har yanzu ake yawan haihuwa a gida, ana kai mai zubar jini asibiti a makare, wannan cuta tana nan. Ana gano ta da gwajin jini, ana kuma mayar wa jiki homon ɗin da ya rasa. Barinta ba magani na iya kai wa ga rasa rai, musamman idan wata rashin lafiya ta faɗo a kai.

*Rama da wahala.* A 1949, a cibiyar Jackson da ke Amurka, aka ga wasu ɓeraye masu mugun ƙiba da ba sa haihuwa. A 1994 Jeffrey Friedman ya gano cewa sun rasa leftin, homon ɗin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa don ya shaida mata akwai ajiyar abinci a jiki. Ga kitse jibge, amma ƙwaƙwalwarsu na ganin yunwa ake yi, sai ta hana GnRH fita. Da aka yi musu allurar leftin suka haihu. Haka ƙwaƙwalwar mace take lissafi. Idan kin rame sosai, ko kina doguwar jinya, ko damuwa ta yi miki yawa, takan ɗage maganar ƙwai har sai hali ya gyaru.

*PCOS.* Kusan mace ɗaya cikin goma na da shi. GnRH na ɗigowa da sauri fiye da ƙima, LH ya rinjayi FSH, jakunkuna da yawa su taso amma babu wadda ke zama zaɓaɓɓiya. A hoton ciki sai a gan su jere kamar tsakiyar wuya. Ba ƙari ba ne, jakunkuna ne da suka tsaya a hanya. Alamominsa al'ada mai nisa, gashi a haɓa ko ƙirji, kuraje, sau da yawa da ƙiba. Ga mai ƙiba, rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kan taimaka ƙwai ya dawo fita.

*Ƙarewar jari.* Tsakanin shekara 45 zuwa 55, jakunkunan da suka rage ba su da yawa. Fituwitari ta yi ta ƙwala kira, FSH ya hau sama, babu mai amsawa. Wannan shi ne yankewar al'ada. Kamar mace ɗaya cikin 100 takan gamu da shi kafin shekara 40, ita kuma tana buƙatar kulawar likita saboda ƙashinta da zuciyarta.

Kafin ki sayi Clomid a kemis

A ɗakin awo, tambayar da ta fi maimaituwa daga masu neman haihuwa ita ce ta wannan ƙwaya. To ga yadda take aiki. Tana rufe wa ƙwaƙwalwa ido kada ta ga istirojin, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka babu, ta sa a ƙaro FSH. Letirozol, wanda yanzu aka fi fara ba masu PCOS, rage istirojin ɗin yake yi na ɗan lokaci, sakamakon dai ɗaya ne.

Ki duba da abin da kika karanta a sama. Idan jarin ƙwai ya ƙare, FSH ya riga ya yi yawa, ƙara shi ba zai kawo komai ba. Idan fituwitari ta lalace, babu wanda zai amsa kiran. Idan furolaktin ne ya yi yawa, maganinsa daban. Idan kina fitar da ƙwai lafiya lau amma bututu ne ya toshe, ko maniyyin maigida ne ke da rauni, kin sha wahalar banza. Ga shi tana iya kawo 'yan biyu ko fiye, ko ta kumbura gidan ƙwai, ko ta sa gani ya riƙa dishi-dishi. Shi ya sa likita ke bin ta da hoton ciki, kuma yawanci ba a wuce zagaye shida. Allurar FSH ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ba a yin ta sai a hannun ƙwararre.

Abin da ya fi shi ne a fara gano inda saƙon ya tsaya. Ki je asibiti idan an shekara ana kwanciyar aure ba tare da tazara ba kuma ciki bai samu ba, ko wata 6 idan kin kai shekara 35. Idan al'ada ta ɗauke wata 3 ba ciki ba goyo, ko yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba, kada a jira shekara.

Ki tafi da ranakun al'adarki na wata uku zuwa shida a rubuce, ko a kalandar wayarki. Ki faɗi ko kin taɓa zubar da jini sosai wajen haihuwa, ko an ƙara miki jini, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya. Gwajin FSH da LH ana yin sa ne a kwana na 2 zuwa na 5 na al'ada. Na furojestaron kuma kwana 7 kafin ranar da kike sa ran al'ada ta gaba. Idan aka yi su a ranar da ba tasu ba, kin biya kuɗi kin karɓi takardar da ba ta faɗi komai ba.

Ku tafi tare da maigida. Wannan fituwitarin, da FSH da LH ɗin nan, su ke tafiyar da yin maniyyi a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. Gwajin namiji ya fi sauƙi, ya fi araha, ba ya kuma da ciwo. Ba adalci ba ne mace ta shekara uku tana shan ɗaci, ana mata gori a dangi, alhali kwana ɗaya a ɗakin gwaji zai iya nuna inda gizo ke saƙa.

Iyakar abin da ɓera zai faɗa miki

Ɓera ba mace ba ce. Ɓeran ɗakin bincike ba ta jinin al'ada, jikinta shanye shimfiɗar mahaifa yake yi. Tana sakin ƙwai da yawa, rayuwarta shekara biyu ce zuwa uku. Don haka idan kika ga an turo a WhatsApp cewa wani ganye ko wani sinadari ya ƙara wa ɓeraye ƙwai, ki sani wannan matakin farko ne kawai. Sai an gwada a jikin mutane, an san adadin da za a sha da illarsa, kafin ya zama magani. Masu tallan maganin haihuwa sun iya ɗauko rabin labari.

Abin da ɓera ta ba mu shi ne taswirar hanya: haifotalamas ya ɗigo, fituwitari ta aika, gidan ƙwai ya amsa, ya kuma mayar da labari sama. Da wannan taswirar likita ke karanta takardar gwajinki. FSH ƙasa da al'ada a ɗauke, a duba sama. FSH sama da al'ada a ɗauke, a duba gidan ƙwai. Komai daidai, a duba bututu da mahaifa da maigida. Da yawa daga cikin waɗannan matsaloli suna da magani idan an gano su da wuri.

Idan kin san wata maijego da ta zubar da jini, nononta ya ƙi zuwa, har yau ba ta koma daidai ba, ki tura mata wannan, ko ki raka ta asibiti da kanki. Idan kuma akwai abin da bai fito miki sarai ba, ki ajiye tambayarki a ƙasa. Sakamakon gwajinki dai ki kai wa likitan da zai gan ki ido da ido. Allah Ya ba masu nema, Ya raya mana waɗanda muke da su.